Autoinstall na Ubuntu Server a kan ma'auni: yana girka komai, amma kai za ka nuna wa GRUB mazauninsa

Tun daga Ubuntu Server 20.04, wadda ta fito a watan Afrilu na 2020, kamfanin Canonical ya sauya yadda ake girka babbar manhaja a kan sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, ba tare da wani ya zauna gaban allo yana amsa tambayoyi ba. A da preseed na Debian, fayil mai ɗauke da amsoshin tambayoyin girkawa, ake amfani da shi, amma a faifan girkawa na 22.04 da 24.04 babu shi. Yanzu fayil guda ake rubutawa da tsarin YAML, a miƙa shi ga manhajar girkawa mai suna Subiquity, ita kuma ta bar wa wata manhaja mai suna curtin aikin yanka faifai da kwafe fayiloli da dasa GRUB, wato manhajar da ke tayar da na'ura. Wannan hanya ita ce autoinstall.

A yawancin fannoni kayan aiki ne mai kyau. Fayil ɗinsa ya fi na preseed daɗin karatu nesa ba kusa ba, saitin hanyar sadarwa da rubutun Netplan ake yi, kuma duk sabar da aka girka da hannu tana barin fayil a /var/log/installer/autoinstall-user-data wanda za a iya ɗauka a gyara a girka wasu da shi. Rauninsa yana wuri guda, kuma wurin da ya fi cin rai ne. Yana iya kammala aiki lafiya lau, ya sake kunna na'ura, sai ka tarar ta tsaya cak tana cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba, ko ta faɗa cikin grub rescue, ko ta koma ta fara girkawar daga farko. Ba kasafai laifin GRUB ba ne. An ajiye shi ne inda na'urar ba ta dubawa.

Inda na'ura take dubawa

Sabar da ke tashi ta tsohuwar hanyar BIOS tana karanta sekta ta farko ta faifai guda, bayit 512 kacal. GRUB ba ya shiga wannan ɗan wuri, don haka guntunsa kawai ake sa wa a nan, ragowar mai suna core.img kuma a ajiye a gaba. A faifan da aka tsara da MBR, tsohon tsarin raba faifai yanki-yanki, akwai fili na kusan MiB 1 tsakanin sektar farko da yanki na farko, nan yake zama. Faifan GPT, wato sabon tsarin, ba shi da wannan filin da za a dogara da shi, dole a yanka ɗan yanki na MiB 1 mai alamar bios_grub, wanda ba a tsara masa komai kuma ba a hawar da shi ko'ina. Tunda MBR ba ya wuce TiB 2 a faifai mai sekta 512, kusan kowace sabar yau GPT take amfani da shi, kuma yankin nan ya zama wajibi.

UEFI, sabuwar hanyar da ta gaji BIOS, daban yake. Shi fayil yake nema a cikin yankin FAT32 da ake kira ESP. Ubuntu tana ajiye shimx64.efi (shim, ɗan fayil mai kiran GRUB) da grubx64.efi a cikin EFI/ubuntu, sannan ta rubuta adireshinsu a NVRAM, ƙwaƙwalwar da ke jikin allon na'urar. Ke nan abu biyu ne za su iya ɓacewa: fayilolin da ke faifai, da rubutun da ke nuna su.

Subiquity ba ya tambayar wace hanya kake so. Yadda shi kansa ya tashi, ita yake ɗauka. Idan na'urar ta tayar da shi ta UEFI, jakar /sys/firmware/efi za ta kasance, in babu ita to BIOS ne. Shi ya sa fayil ɗin da ya yi aiki a na'urar gwaji yake faɗuwa a kan sabar gaske: wancan ya tashi ta BIOS, wannan ta UEFI. Ga masu girkawa ta PXE, wato tayar da na'ura ta hanyar sadarwa, sabar DHCP mai raba adireshi ce ke raba hanya, tana duba zaɓi mai lamba 93 da na'ura ke aikowa, 0 na BIOS, 7 na UEFI mai bit 64, ta ba kowa fayil ɗin da ya dace da shi.

Zaɓen faifai

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta layout da sunan lvm ko direct a ƙarƙashin storage, a bar sauran ga Subiquity. A nan yabo ya kamace shi. Yana yanka bios_grub ko ESP da kansa gwargwadon yadda na'urar ta tashi, fayil ɗaya ya wadatar wa iri biyun. Ga na'ura mai faifai guda ba abin da za a ƙara.

Matsalar tana farawa da faifai na biyu. Idan ba a faɗa masa ba, faifan da ya fi girma yake ɗauka. Ɗauki sabar mai ƙananan SSD biyu na babbar manhaja da manyan faifai na TB 8 na ajiyar bayanai. Autoinstall zai goge ɗaya daga cikin manyan, ya zuba Ubuntu da GRUB a kai, alhali BIOS ko katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya, an saita shi ya tashi daga SSD. An girka, amma ba ta tashi, kuma bayanan da ke wancan faifan sun tafi. A ganina wannan zaɓi bai dace da manhajar sabar ba. A sabar, babban faifai galibi shi ne wanda ba a so a taɓa, kuma gara manhajar ta tsaya ta ce ba ta san wanda ake nufi ba.

Masu gudun wannan sukan rubuta path: /dev/sda. Wannan ma tarko ne. Sunayen sda da sdb ba na faifai ba ne, kanel ɗin Linux yana raba su ne bisa wanda ya riga amsawa, kuma jerin yana iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. Filashin da aka soka, ko faifan bogi da iDRAC na Dell ko iLO na HPE ke haɗawa daga nesa, yana iya karɓe sda a lokacin girkawa, ya sake shi bayan an cire. Faifan NVMe ma ba su tsira ba, nvme0n1 da nvme1n1 suna musayar suna.

Maganin yana cikin match, kuma shi ne ɓangaren autoinstall da na fi yabawa. Ana iya zaɓen faifai da serial, da model, da ssd: true, da size: smallest ko largest, ana kuma iya haɗa su. Sai dai akwai abin da ke yawan kama mutane. Lambar da lsblk -d -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ke nunawa gajeriyar ce, amma match yana kwatantawa ne da ID_SERIAL na udev (manhajar Linux mai tantance kayan da ke jikin na'ura), wanda a faifan SATA ya haɗa sunan samfuri da lambar. A bayan katin RAID kuwa yakan zama doguwar lamba mai farawa da 3. Don haka a duba da udevadm info --query=property --name=/dev/sda, a kwafe abin da ke gaban ID_SERIAL, ko a sa tauraro kafin gajeriyar lambar tunda match yana karɓar tauraro.

Ga mai sabar da yawa, lambar siriyal ta kowace daban ce, ba za a rubuta fayil ɗaya da ita ba. In duk samfuri ɗaya ne, model tare da girma sun isa. Sababbin fitowar Subiquity suna karɓar id_path, wanda ke bin ramin da aka soka faifai, kuma wannan ba ya sauyawa muddin ba a sauya wayoyi ba. In duk wannan bai yi ba, early-commands yana gudana kafin a taɓa faifai, kuma Subiquity yana sake karanta /autoinstall.yaml bayan ya gama. Ana rubuta wata kalma a madadin lambar, ɗan rubutun shell ya nemo faifan da ya dace, sed ya maye gurbin.

Layi guda: grub_device

Da zarar an bar layout aka koma config don yanka faifai yadda ake so, duk taimakon nan ya ƙare. Subiquity ba zai ƙara maka yanki ko ɗaya ba. Kai za ka yanka na GRUB, kai za ka nuna shi da grub_device: true, kuma mazaunin wannan layi ya bambanta. A BIOS a kan faifan kansa ake sa shi, sannan a yanka yankin bios_grub. A UEFI a kan yankin ESP ake sa shi, wanda dole ya zama mai flag: boot, an tsara shi da fat32, an hawar da shi a /boot/efi. Ga yadda na UEFI yake:

```
storage:
  grub:
    reorder_uefi: false
  config:
    - type: disk
      id: faifai-a
      match:
        serial: "*LAMBAR_FAIFAI"
      ptable: gpt
      wipe: superblock-recursive
    - type: partition
      id: esp-a
      device: faifai-a
      number: 1
      size: 1G
      flag: boot
      wipe: superblock
      grub_device: true
    - type: format
      id: fat-a
      volume: esp-a
      fstype: fat32
    - type: mount
      id: hawa-esp
      device: fat-a
      path: /boot/efi
```

Idan babu layin grub_device, ko ba a hawar da ESP a /boot/efi ba, aikin yana tsayawa da saƙon "autoinstall config did not create needed bootloader partition". Tsayawar tana da amfani, domin tana zuwa kafin a rubuta komai a faifai. Saƙon ne bai wadatar ba. Bai faɗi ko ta BIOS na'urar ta tashi ko ta UEFI ba, bai faɗi ko grub_device ne babu ko hawarwar ba, sai mutum ya yi ta duban yankin da ke nan daram a fayil ɗinsa yana mamakin abin da ake nufi. Duk wanda ya ga saƙon nan ya fara da test -d /sys/firmware/efi kafin ya taɓa fayil ɗin. A BIOS kuma, in an manta bios_grub a faifan GPT, grub-install ne ke yin ƙorafin cewa babu BIOS Boot Partition kuma ba zai iya dasa kansa ba.

Layin wipe: superblock-recursive shi ma ba ado ba ne. Faifan da ya taɓa zama cikin RAID ko LVM (tsarin Linux na sarrafa sararin faifai) yana riƙe da tsohon tambarinsa, kuma manhajar girkawa tana iya harhaɗa tsohon tsarin ta riƙe faifan. Layin yana goge tambarin faifai da na yankunan da ke cikinsa.

Mai na'urori gauraye, wasu BIOS wasu UEFI, ya ajiye sassan storage biyu ya bar early-commands ya zaɓa. Ya fi haka ma ya mayar da duk waɗanda za su iya zuwa UEFI ya huta.

Faifai biyu, RAID 1

Nan ne ake yin kuskuren da ba ya bayyana sai bayan shekara ko fiye. An haɗa faifai biyu da mdadm, manhajar RAID ta Linux, kowanne ya zama kwafin ɗan'uwansa, babbar manhaja tana kan duka biyun, amma GRUB yana kan na farko kaɗai. Komai yana tafiya daidai, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar da faifan farko ya mutu aka sake kunna sabar, bayanai suna nan lafiya a na biyu, amma babu mai tayar da su.

Ba za a sa ESP cikin RAID ɗin yadda aka saba ba. Tsarin mdadm na 1.2 yana rubuta tambarinsa KiB 4 daga farkon yanki, UEFI kuwa bai san mdadm ba, FAT32 zalla yake nema. Wasu suna kaucewa da tsarin 1.0 mai ajiye tambari a ƙarshen yanki, sai dai in UEFI ya rubuta wani abu a faifai ɗaya ba da sanin mdadm ba, biyun sun saɓa. Ubuntu ta bi wata hanya tun daga 20.04, kuma ina ganin ita ce mafi tsabta: kowane faifai da nasa ESP, duka biyun da grub_device: true, duka an tsara su da fat32, amma ɗaya kawai ake hawarwa a /boot/efi. Jerinsu yana zama a debconf, ma'ajiyar saitin manhajoji ta Ubuntu, ƙarƙashin grub-efi/install_devices, kuma duk lokacin da aka sabunta GRUB, rubutun grub-multi-install yana bi ya sabunta kowanne. A BIOS, faifai biyun ake sa wa grub_device, kowanne da nasa bios_grub, jerin kuma yana grub-pc/install_devices.

Wannan jeri na debconf ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsa. A ƙarshen Yulin 2020 aka fitar da gyaran raunin GRUB da aka sa wa suna BootHole, mai lamba CVE-2020-10713. Na'urorin BIOS da jerinsu ke nuna faifan da ba shi ba ne, ko wanda ma babu shi, sun sabunta fayilolin da ke /boot/grub amma core.img ya zauna a tsohonsa. Da aka sake kunna su sai suka tsaya da "symbol 'grub_calloc' not found". Wanda ya gyara GRUB da hannu da grub-install ya bar jerin yadda yake, ya ɗage matsalar ne zuwa sabuntawa ta gaba. Bayan kowace girkawa a gudanar da debconf-show grub-pc ko debconf-show grub-efi-amd64, a tabbatar faifai biyu ne a ciki, kuma da sunayen /dev/disk/by-id.

Autoinstall ba ya gargaɗi idan ka gina RAID 1 da mazaunin GRUB guda. Ya kamata a ce yana yi.

In an sauya faifan da ya mutu, sabon ba ya samun GRUB don kawai mdadm ya gama kwafewa. A kwafe tsarin yankuna da sgdisk -R, inda sunan sabon faifai ke zuwa nan da nan bayan -R, tsohon kuma a ƙarshe. Juya su yana shafe tsarin faifan mai rai, don haka a karanta layin sau biyu. Sai sgdisk -G a kan sabon don ya samu nasa lambobin, mdadm --add, mkfs.vfat -F 32 a kan sabon ESP, sannan dpkg-reconfigure grub-efi-amd64 a zaɓi duka biyun.

Jerin tashi

Wani lokaci GRUB yana daidai wurinsa, amma sabar tana komawa PXE tana sake girka kanta ba iyaka. Curtin yana da zaɓin reorder_uefi wanda ke barin hanyar da na'ura ta tashi da ita a saman jeri, sabuwar Ubuntu ta biyo baya. An yi shi ne don MAAS, manhajar Canonical mai girka sabar da yawa ta hanyar sadarwa, inda ake so na'ura ta riƙa fara tambayar hanyar sadarwa kullum. Wanda ba MAAS yake amfani da shi ba ya rubuta false ƙarara kamar a misalin sama, kada ya dogara da abin da fitowar da ke hannunsa ta zo da shi. Ya fi kyau ma a bar faifai a saman jeri dindindin, a tura na'ura PXE na tashi ɗaya tak da ipmitool chassis bootdev pxe options=efiboot. Umarnin efibootmgr -v yana nuna jerin, -o yana sauya tsarinsa.

A nan Ubuntu ta yi tanadi mai kyau. Tana ajiye kwafin shim a EFI/BOOT/BOOTX64.EFI tare da fbx64.efi, don haka ko an sauya allon na'ura NVRAM ya zo fanko, UEFI zai bi wannan hanyar ya tashi, a sake rubuta adireshin.

Kusa da takwarorinsa

Kickstart, takwaran autoinstall a Red Hat da Rocky Linux da AlmaLinux, ya fi shi a abu guda da ake ji a jika: umarnin reqpart. Yana yanka biosboot ko ESP gwargwadon na'ura ko da kai ka tsara sauran yankunan da hannunka. Da autoinstall yana da irinsa, da rabin wannan sharhi bai taso ba. Kickstart yana kuma da ignoredisk --only-use da bootloader --boot-drive, masu faɗin abin da ake nufi a fili. A ɗaya ɓangaren, zaɓen faifai da samfuri ko girma a Kickstart sai an rubuta shell a %pre, abin da match ke yi da layi biyu. Preseed yana da grub-installer/bootdev mai karɓar faifai fiye da ɗaya a BIOS, amma rubutun yanka faifai na partman wahala ce tsantsa. Ga mai sabar Ubuntu iri ɗaya, autoinstall ya cancanci a dogara da shi, da sharaɗin an rubuta match da grub_device da hannu an kuma gwada.

Gwajin ba ya buƙatar sabar gaske. Rubutun validate-autoinstall-user-data.py da ke cikin ma'ajiyar Subiquity yana duba tsarin fayil ne kawai, bai san faifanka ba. A tayar da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, da faifai uku masu girma daban, kowanne da lambar siriyal da aka ba shi, sau ɗaya da BIOS, sau ɗaya da OVMF don UEFI. In an gama girkawa a cire faifan farko a kunna, a mayar da shi a cire na biyu. In ta faɗi, bayanin yana /var/log/installer, musamman subiquity-server-debug.log da curtin-install.log, kuma error-commands yana iya tura su waje kafin na'ura ta mutu da su. Mai rubuta layin kanel a menu na GRUB ya kuma tuna sa alamar \ kafin ; a ds=nocloud-net\;s=, in ba haka ba GRUB zai yanke layin a nan, adireshin fayil ɗin autoinstall da ke bayan s= ya ɓace, fayil ɗin ba zai taɓa isowa ba.

Sabar da ta riga ta ƙi tashi ba sai an sake girka ta ba. A tayar da ita da faifan girkawa ta hanyar da za ta riƙa tashi, domin in aka shiga ta BIOS ana son gyara UEFI, efibootmgr zai ce "EFI variables are not supported on this system". A harhaɗa RAID da mdadm --assemble --scan, a kunna LVM da vgchange -ay, a hawar da tushen a /mnt, sai /boot da /boot/efi a ƙarƙashinsa. A haɗa /dev da /proc da /run da /sys da mount --rbind, wanda ke jawo efivars tare da /sys, a shiga da chroot. A ciki, dpkg-reconfigure grub-pc ko grub-efi-amd64 ya fi grub-install kai tsaye, domin yana dasa GRUB yana kuma gyara jerin debconf a lokaci guda. Sai update-grub, sannan a duba efibootmgr -v a ga rubutun ubuntu na kowane faifai kafin a sake kunnawa.